Akwatin Kafinta a Cikin Jirgi: Daga Gizago Zuwa Batir

Wanda ya mayar da jirgin ruwa gidansa ba ya sayen abu sai ya fara tunanin inda zai sa shi. Irin jiragen nan da ake gani a tashoshin Turai da Amurka, waɗanda mutum ɗaya ko mata da miji ke zaune a ciki shekara da shekaru, yawancinsu tsawonsu bai wuce ƙafa 28 zuwa 40 ba. Wurin kwana da wurin girki da makewayi da rumbun abinci, duka a cikin filin da bai kai zauren talaka ba. Kayan aikin kafinta kuwa, rabonsu shi ne ƙarƙashin gado ko wani lungu a bayan matakala. Zarto ɗaya in ya shigo, gwangwanin abinci ya fita. Guduma in ta ƙaru, jarkar ruwan sha ta ragu. Kuma ba dama a ce a bar su a tudu, domin tun ranar da jirgi ya taɓa ruwa yake lalacewa: iska na ja, igiyar ruwa na duka, gishiri na ci dare da rana.

Saboda haka tambayar wane ƙarfe za a ɗauka, wanne za a bari, ta daɗe tana damun mutanen teku. Lungun ajiyar yana nan yadda yake tun zamanin kakanni. Abin da ake zubawa a cikinsa ne ya canza, kuma duk wanda ya bi sawun canjin zai ga ya taɓa har yadda mai jirgi yake tunani.

A 1892 wani kyaftin ɗan asalin Nova Scotia ta ƙasar Kanada, Joshua Slocum, aiki ya yanke masa, sai wani abokinsa ya ce ya ba shi kyautar jirgi. Da ya je garin Fairhaven a jihar Massachusetts, ya tarar da kyautar a yashe cikin fili, an jingine ta a tudu, ta tsufa ta ruɓe. Sunan jirgin Spray. Slocum ya ɗauki gatari ya sare itacen ok da hannunsa ya yi ƙashin bayan jirgin. Ya haɗa tukunyar tururi yana turara itatuwa har su yi laushi, ya lanƙwasa su su zama haƙarƙari. Wata 13 ya yi yana wannan aiki, kuɗin kayan da ya saya dala 553 da 'yan kai. Ranar 24 ga Afrilu 1895 ya tashi daga Boston, bai dawo ba sai 27 ga Yuni 1898, ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya a jirgi shi kaɗai. A kan hanya, da ya isa Buenos Aires ya ga jigon da ke ɗauke da filafilan jirgin ya yi tsawo ga irin guguwar da ke jiransa a kudu, sai ya sauke shi ya datse ƙafa 7, ya mayar. Mutum irin wannan zaɓen kayan aiki ba ya ba shi wahala. Kowace ƙusa a jikin jirgin shi ya buga ta, kuma abin da ya gina da shi, da shi zai gyara.

Amma in ana neman a ga iyakar abin da ƙarfe kaɗan zai iya yi a hannun gwani, sai a dubi Harry McNish, kafintan jirgin Endurance, mutumin Sikotland. Jirgin ya ɗauki Ernest Shackleton da mutanensa, su 28, zuwa Antatika. Ƙanƙara ta kama shi a tekun Weddell, ta matse shi wata da watanni har ta murƙushe shi, ya nutse ranar 21 ga Nuwamba 1915. Suka rage a kan ƙanƙara da ƙananan kwale-kwale guda uku. Cikin duk kayan shagonsa, abin da ya rage wa McNish bai wuce zarto da guduma da kurfi da gizago ba.

Da waɗannan ya ɗaga gefen babban kwale-kwalen, James Caird, mai tsawon ƙafa 22 da rabi, domin kada igiyar ruwa ta riƙa faɗawa ciki. Ba shi da sababbin ƙusoshi, sai dai ya zare tsofaffi daga katako ya miƙar da su ya sake bugawa. Ba audugar toshe tsaga, ba kwalta. Sai ya riƙa cusa lagwanin fitila tsakanin falankai, ya bi da fentin mai zanen hotuna na tawagar, George Marston, ya shafe da jinin sil, wata dabbar teku da suke farauta su ci. Da suka samu suka isa tsibirin Elephant, inda ba kowa kuma ba mai zuwa, Shackleton ya yanke shawarar mutum shida su shiga wannan kwale-kwale su nemo taimako a tsibirin South Georgia, tafiyar mil 800 a ɗaya daga cikin tekunan da suka fi haɗari a duniya. McNish ya sake komawa aiki cikin sanyi mai tsinke yatsu. Ya ɗauko jigon ɗaya daga cikin sauran kwale-kwalen ya kwantar da shi a ciki, ya ɗaure shi da ƙashin baya don kada jirgin ya karye biyu. Ya yi masa rufi da ƙafafun abin jan kaya a kan ƙanƙara da murafen akwatunan abinci, aka lulluɓe da tamfol ɗin da sai da abokansa suka gasa shi a wuta kafin allura ta iya shigarsa. Suka tashi 24 ga Afrilu 1916, suka sauka 10 ga Mayu, ba wanda ya halaka.

Aikin ƙarafan bai ƙare a nan ba. Sun sauka a gefen tsibirin da ba mutane, dole uku daga cikinsu su haye duwatsun ƙanƙara da ƙafa. McNish ya kwance sukurori daga jikin kwale-kwalen ya ɗaura su a tafin takalmansu don kada su zame, gizagonsa kuma suka tafi da shi suna sara matakala a jikin ƙanƙara. Bayan awa 36 suka isa tashar masu kamun manyan kifaye ta Stromness. Duk lokacin da na karanta wannan labari, abin da ke tsaya mini a rai shi ne yadda aka saka wa kafintan. Saboda wata gardama da ya taɓa yi da Shackleton a kan ƙanƙara, aka hana shi lambar yabon da aka bai wa mafi yawan tawagar. Ya rasu a Wellington a 1930 cikin talauci. A ganina wannan zalunci ne, domin ba don hannunsa ba da ba wanda zai dawo ya karɓi lamba. Kwale-kwalen yana nan har yau a makarantar Dulwich da ke Landan, ana zuwa kallo.

Ƙarafan nan huɗu ba McNish ne ya zauna ya zaɓe su ba, masifa ce ta zaɓa masa. Duk da haka suna nuna ma'aunin da mutanen wancan zamani suke bi. Kowane ɗaya yana aiki fiye da guda: gizago ya sassaƙa, ya sara, ya buga da ƙeyarsa. Kowane ɗaya in ya dakushe mai shi zai iya wasa shi a inda yake, in ƙota ta karye ya feƙe wata. Kuma ba ɗayansu da ke neman wani abu daga waje in ban da ƙarfin damtse. Mai jirgi na wancan zamani yakan fara da tambayar mene ne in ya lalace zai nutsar da mu, sannan ya nemo ƙarfen da ke gyara wannan abin. Sauran wuri in ya rage, a sa na ƙawa.

Wannan tunani ya kai har tsakiyar ƙarni na 20. A 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta sa gasar kewaye duniya, mutum shi kaɗai, ba tsayawa ko'ina. Tara suka shiga, ɗaya ya gama: Robin Knox-Johnston, a jirginsa Suhaili mai ƙafa 32, wanda aka gina da katakon tik a Bombay ta Indiya. Bai yi nisa ba, a wajen tsibiran Cape Verde, ya ga ruwa na taruwa a cikin jirgin fiye da ƙima. Ya yi nutso ya duba, ya ga doguwar tsaga a gindin jirgin kusa da ƙashin baya, tana buɗewa tana rufewa duk lokacin da jirgin ya yi tangaɗi. Ya gwada cusa auduga a ƙarƙashin ruwa, kafin ya buga ta ta zame. Sai ya hau ya zauna ya ɗinke audugar a jikin wani siririn ƙyallen tamfol, ya shafe da kwalta, ya jera ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a jikin ƙyallen tun daga sama, domin in ya nutse bugu kawai zai yi. Haka ya riƙa shaƙar numfashi yana sauka da guduma, ya buga biyu ko uku ya taso. Ana cikin haka wani kifin shak ya fara kewaye shi, dole ya fito ya harbe shi da bindiga kafin ya koma. Daga baya ya rufe ɗinkin da fallen jan ƙarfen da masu haɗa masa rediyo suka bari a jirgin. Ya dawo Falmouth ranar 22 ga Afrilu 1969 bayan kwana 312. Guduma da allura da 'yan ƙusoshi ne suka tsayar da ruwan.

Waɗanda suka fi kowa riƙe wannan hanya a matsayin rayuwa su ne Larry Pardey ɗan Kanada da matarsa Lin 'yar Amurka. Da hannunsu suka gina Seraffyn, ɗan jirgin katako mai ƙafa 24 da 'yan kai, suka sa shi a ruwa a 1968, suka yi shekara 11 suna kewaya duniya a cikinsa. Sannan suka gina Taleisin mai ƙafa 29 da rabi, ya shiga ruwa a 1983. Duka biyun ba inji. Wurin da wasu ke sa inji, a Taleisin teburin aiki Larry ya kafa, da ma'ajiyar kayansa. Akwatin nan shi ne jarinsu: duk tashar da suka sauka kuɗi ya ƙare, ya fito da kurfi da filen ya yi wa masu manyan jirage gyara, su samu na abinci su ƙara gaba. Sun yi tafiyar fiye da mil 200,000 a haka. Larry ya rasu a 2020.

Sai dai tun suna gina jirginsu na farko ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin wannan sana'a. A 1959 aka baje wani jirgi mai ƙafa 28, Pearson Triton, a kasuwar baje kolin jirage ta New York, jikinsa duka na faiba, an zuba shi a mazubi. Ba falanki, ba tsaga, ba audugar toshewa. Cikin shekara goma sha wani abu faiba ta mamaye kasuwa, domin ta fi araha kuma ba ta ruɓewa. A 1969 wasu 'yan'uwa, 'yan gidan Gougeon, suka buɗe shago a Bay City ta jihar Michigan, daga nan gam ɗin ifoksi ya bazu a hannun masu jirage: ruwa biyu ne a gwangwani, a gauraya, a shafa, ya daskare ya fi katakon ƙarfi. Haɗin da a da sai gwani ya yi yini yana feƙewa don baki ya hau baki, yanzu ko ya bar giɓi gam zai cike. Ƙarafan toshe tsaga da gudumarsu ta itace, waɗanda a da ba jirgin da ke tashi babu su, suka koma kayan tarihi. Gizago ma ya bi su.

Ta ɗaya gefen kuma ga wuta. Kamfanin Black & Decker ya fito da injin huda mara waya a 1961, amma batiran farko nauyi gare su, ga saurin mutuwa. Sai wajen 2005, da batirin litiyam ya shigo kayan aiki, abin ya zama na kowa. Faifan sola ya yi araha, inbata ta ƙanƙance, jirgin da a da fitilar kananzir ce haskensa ya zama yana iya cajin batir a tsakiyar teku. Lungun da ke ɗauke da mahuji da filen da magagari ya cika da akwatunan roba.

Ba na cikin masu kukan cewa komai na da ya fi. Wanda ya taɓa kwanciya rigingine a ramin da kafaɗa ɗaya kawai ke shiga, yana son huda rami a saman kansa, jirgi na rawa, ya san injin huda na batir rahama ne. Mahujin hannu yana neman hannu biyu da wurin juya gwiwar hannu, kuma sau da yawa a jirgi ba ko ɗaya. Faiba ma ba ta jin filen, ba ta jin kurfi, sai inji. Akwai kuma ɗan injin nan mai karkarwa, wanda asalinsa kamfanin Fein na Jamus ya ƙera a 1967 don yanke filastar karaya a asibiti ba tare da ya yanki fata ba. Yau jiragen zama da yawa suna da shi: yana yanka a lungun da zarto ba ya shiga, ya kankare tsohon gam, ya goge. In ma'aunin mutanen da na aiki fiye da guda za a bi, ya ci jarrabawa. Kuma sauƙin nan ya buɗe ƙofa ga dubban mutane, maza da mata, da ba su taɓa zama gaban wani kafinta sun koyi sana'a ba.

Inda nake da magana shi ne sauran sharuɗɗan biyu, na gyaruwa a hannun mai shi da na rashin dogaro da waje. A nan kayan zamani suka faɗi, kuma mutane da yawa ba su lura ba sai ranar da abin ya same su.

A ɗauki zarto. Zarton Japan, wanda ke yanka in an jawo shi, ya dace da jirgi ƙwarai: bakinsa siriri ne, ba nauyi, ana zare shi daga ƙota a naɗe a tsumma, kuma yana yanka sumul ko a hannun ɗan koyo. Amma irin wanda ya cika kasuwa an ƙona haƙoransa sun yi taurin da magagari ba ya kama su. In ya dakushe, ko ya ci karo da ɓoyayyiyar ƙusa haƙora suka zube, jefarwa ake yi a sa sabon baki. Tsohon zarto kuwa, da ɗan magagari mai kusurwa uku da rabin awa ya dawo sabo, kuma haka za a yi ta yi har jikoki. Batir ya fi wannan muni. Na wannan kamfani ba ya shiga injin wancan. Bayan 'yan shekaru ƙarfinsa ya ragu, ka je saye a ce an daina yin irinsa. Cajar da aka saya a Amurka ta wuta 120 ce, a tashar Turai wuta 230 za ka tarar. Ga haɗari: batirin litiyam in ruwan gishiri ya shige shi yana iya kamawa da wuta, irin wutar da ke da wuyar kashewa, a gidan da ba ƙofar gudu sai teku. Filen ɗin ƙarfe da kamfanin Stanley ya ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu har yau ana tsintarsa a kasuwar gwanjo, a goge tsatsa, a wasa, ya ci gaba da fitar da sassaƙe. Ina shakkar a samu injin batir na bana da zai yi rabin wannan kwana.

Akwai kuma abin da sai mazaunin jirgi ya san zafinsa, wato ƙura. Shagon aikinka shi ne ɗakin kwananka, shi ne kicin ɗinka. Filen yana fitar da sassaƙe mai naɗewa, ka tattara da hannu ka zuba a jaka. Injin guga kuwa gari yake tayarwa, ya shiga bargo, ya shiga tukunya, ya shiga huhu, in na faiba ne ya kwana yana yi maka ƙaiƙayi. Garin da ya gangara ƙasan jirgi ya haɗu da ruwa ya toshe famfon da ke fitar da ruwa, kuma ba a sanin ya toshe sai lokacin da ake neman sa ido rufe.

Kada kuma a ɗauka tunda jiki na faiba ne an rabu da katako. Bangayen ciki da ke riƙe da surar jirgin filawud ne. Sandar tuƙi, murfin ƙofa, matakala, gado, duk itace. Rufin sama na jirage da yawa faiba ce biyu da itacen balsa mai laushi a tsakiya, kuma in ruwa ya bi ramin sukuru ya shiga, balsar ruɓewa take yi a ɓoye har ka ji rufi na lotsawa a ƙarƙashin ƙafarka. Sannan kusan duk jirgi yana da ramuka a ƙasa da ruwa, inda bututun inji da na makewayi suke fita. A gefen kowane rami ana ɗaure wani ɗan turken itace mai laushi, mai tsini a kai ɗaya, har dokokin tseren teku sun wajabta shi. In bakin bututu ya karye ruwa ya yo ciki, turken za ka cusa ka bi da guduma, itacen ya sha ruwa ya kumbura ya kame. Wannan shi ne gyara mafi gaggawa a jirgin zamani, kuma da itace da guduma ake yin sa, a cikin duhu, ruwa har gwiwar hannu.

Gishiri kuwa bai san zamani ba. Kurfin da aka wasa aka bari a buɗe, kafin mako ya zagayo ya yi ja. Ƙarfen da ba ya tsatsa yawanci ba ya riƙe kaifi kamar baƙin ƙarfe, ga shi katakon tik da ya cika jirage yana da wani yashi-yashi a jikinsa mai cin baki. Don haka masu abin suke shafe kowane ƙarfe da mai ko kakin zuma bayan aiki, su naɗe shi a tamfol mai aljihuna, kowanne da gidansa don kada baki ya bugi baki. Masu hali suna sayen ƙaramin filen na tagulla, wanda gishiri ba ya kama jikinsa. Akwatin kuma ana sa shi can ƙasa, kusa da tsakiyar jirgi, a ɗaure tam, domin nauyi a sama yana ƙara tangaɗi, kuma gudumar da ta kuɓuce cikin guguwa tana iya fasa kan mutum. A nisanta shi da kamfas, kada ƙarfe ya ja allurar ta nuna gabas a inda ba gabas ba.

Ba duk mazauna jirgi ne ke fuskantar abu ɗaya ba, kuma nan ne masu ba da shawara suke yawan yin kuskure, su ba kowa jeri guda. A Ingila akwai dubban mutane da ke zaune a siraran jiragen magudanan ruwa, masu faɗin ƙafa 6 da inci 10, da yawansu a Landan tsadar haya ce ta kai su. Wurinsu ya fi na kowa matsi, amma kanti na nan tafiyar minti kaɗan, maƙwabci na nan da za a ari injin yanka a wurinsa, jirgi in ya lalace a tura shi gefe a taka tudu. Irin wannan mutum in ya cika lungunsa da kayan batir bai yi laifi ba. Wanda zai tsallaka Atlantika, mako uku ba ya ganin ƙasa, lissafinsa daban ne. Nisan da ke tsakanin mutum da taimako shi ya kamata ya tsara masa akwati, kafin a zo maganar girman lungu.

Mu ma a nan gida mun ga irin wannan sauyi. A Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara, da kuma Tafkin Chadi inda masunta ke yin makonni a kan ruwa, a da kwale-kwale gungumen itace ne guda, masassaƙi ya rarake shi da gizago, irin gizagon da ke hannun McNish. Da manyan itatuwa suka yi wuya aka koma na falanki da ƙusa, ana toshe tsaga da tsumma da kwalta a bi da fallen gwangwani. Da injin baya ya zo, jakar mai jirgi ta koma sifana da filaya da fulogi. Tafiya ta yi sauri, kaya sun ƙaru, amma wanda injinsa ya mutu a tsakiyar tafki ba sanda ba filafili ya san abin da aka rasa.

In da wani zai tambaye ni me zai zuba a lungun nan yau, zan ce ya fara da abin da ba ya cin wuta. Guduma, kurfi uku masu faɗi daban-daban, ƙaramin filen da ke shiga tafin hannu, magagari, zarton Japan da bakin canji, zarton ƙarfe, mahujin hannu ko da ƙarami ne, sukundireba masu kyau, sikwaya da tef, da dutsen wasa. Ƙarafan matse katako kuma ya ɗauki fiye da yadda yake zato, domin a jirgi su ne hannu na uku, kuma da su ake kafa falanki guda a wurin zaman tuƙi ya zama teburin aiki. Bayan waɗannan sun samu wuri, sai injin huda da ɗan injin karkarwa, na kamfani ɗaya don batir ɗaya ya yi musu, da cajar da ke shan wutar jirgi kai tsaye. Manyan injinan yanka da na guga a bar su a tudu. Ranar babban aiki ai a tasha za a yi shi, a can a ara ko a yi haya.

Abu ɗaya ne nake roƙon duk mai wannan niyya kada ya ɗaga: kafin ya kwance igiya daga tasha, ya nemi tsohon kafinta ya zauna gabansa ya koyi wasa kurfi da bakin filen har su iya aske gashin hannu, ya kuma yi haɗin katako biyu ko uku ba tare da ya taɓa inji ba. Abin ba ya wuce 'yan makonni, kuma masu koyar da shi suna ta raguwa.